Ƙarkon Na'urorin Gem: Na Da da Na Yanzu

 

Batun da aka ɗora mini shi ne ƙarkon na'urorin wasan bidiyo, waɗanda yaranmu ke kira gem. Na san ba a rasa dattijon da zai ce a ransa, yanzu har abin wasan yara ya kai a tara mutane a kansa? To, ranka ya daɗe, PlayStation 2 kaɗai an sayar da fiye da guda miliyan 155 a duniya, kuma babu wata matsala da ke hana injiniyan lantarki barci wadda ba ta cikin wannan ɗan akwati: zafi, ƙura, dalma, da wutar da ba ta tsayawa wuri guda. Ban da haka, a garuruwanmu akwai masu gidan gem da masu gyara waɗanda cefanen gidansu daga nan yake fitowa.

Maganar da ke bakin kowa ita ce kayan da sun fi ƙarko. Wani zai ce maka Sega ɗinsa tun zamanin mulkin soja take aiki, amma PS4 ɗin ƙanensa ko shekara uku ba ta rufa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma zan zo kanta. Sai dai bari mu fara tuna wa kanmu cewa na da ɗin ma sun sha ƙona wa masu su rai.

Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a Japan cikin watan Yuli na 1983. Shekarar ba ta ƙare ba aka gano cewa wani ɓangare na ƙwaƙwalwarta yana sa ta daskare ana tsakiyar wasa. Shugaban kamfanin na lokacin, Hiroshi Yamauchi, ya ba da umarni a kwaso su duka daga kasuwa, a daidai lokacin cinikin ƙarshen shekara, aka sake musu allon ciki. Wato na'urar da a yau ake buga misali da ita wajen ƙarko, da janyewa daga kasuwa ta fara rayuwarta.

Da aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, sai aka sauya mata siffa don ta yi kama da bidiyon kaset: ka zura kaset ta gaba, ka danna shi ƙasa. A can ciki akwai wani baki mai haƙoran ƙarfe 72. Duk danna kaset ɗaya sai haƙoran nan sun ɗan lanƙwashe, yau da gobe har su daina kama kaset ɗin sosai. Kuma Nintendo sun saka wani ɗan mai gadi a cikin na'urar, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar kaset ɗin nasu ne. In bai ji amsa daga kaset ba, sai ya riƙa kashe na'urar yana kunna ta duk daƙiƙa ɗaya, jar fitila tana ƙyaftawa, talabijin na walƙiya. Daga nan aka samo al'adar hura kaset da baki. Duk wanda ya taɓa riƙe kaset ya yi ta, har da mu nan da muka tashi da kwaikwayon Famicom ɗin nan masu rawayen kaset da aka rubuta wa wasanni dubu tara da ɗari tara, alhali ba su fi goma ba. Hurawar ba ta gyara komai. Cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoran su sake zama daidai, damshin numfashi kuwa tsatsa yake ƙara musu. Sai a 1993 Nintendo suka fitar da samfurin da ake cusa wa kaset ta sama, ba tare da mai gadin nan ba.

PlayStation ta farko, ta Disambar 1994, ita ma tana da nata. Idon da ke karanta faifai yana tafiya ne a kan wata 'yar hanya ta roba, kuma an ajiye shi dab da wurin da wuta ke shiga, inda ya fi ko'ina zafi. Roba ta sha zafi, ta sha gogayya, sai ta cinye ta gefe guda, ido ya karkace, hoto ya fara tsalle. Maganin da jama'a suka gano da kansu shi ne a kifa na'urar, cikinta sama, don nauyin idon ya mayar da shi saiti. Na ga wasunku suna dariya, alamar sun yi ke nan. PlayStation 2 ta gaji ciwon ido, har masu saye a Amurka suka kai Sony kotu kan na'urorin da suka daina karanta faifai, aka yi sulhu a 2005. A wannan shekarar ce kuma Microsoft suka janye wayoyin wuta kusan miliyan 14 na Xbox ta farko saboda tsoron gobara.

To me ya sa muke ganin kamar na da ba sa mutuwa? Saboda waɗanda suka rayu kaɗai muke gani. Kamar Peugeot 504 ce. In ka ga ɗaya tana tafiya a hanyar Zariya sai ka ce kai, motar da ba ta mutuwa. Je ka Panteka a Kaduna ka ga inda 'yan'uwanta suka ƙare. Sega ɗin da ke aiki yau ita ce wadda ta yi sa'ar fitowa lafiya daga masana'anta, ta yi sa'ar mai kula, ta kuma shafe yawancin shekarunta a kwali. Waɗanda suka mutu a shekarar farko an zubar da su tun kafin a haifi rabin mutanen da ke zaune a nan, kuma a lokacin babu intanet da mai na'ura zai hau ya kai kuka duniya ta ji.

Duk da haka ba zan ce maganar mutanen da ba ta da tushe ba. Na'urar kaset babu abin da ke motsi a cikinta. Ba fanka, ba injin juya faifai, ba ido. Wutar da NES ke sha ba ta wuce wat goma ba, kusan ta ƙaramin ƙwan fitila, saboda haka da ƙyar take ɗumi. Ƙwaƙwalwarta an gina ta ne a kan wani tsari mai tiransisto kimanin 3,500. Ta Xbox Series X kuwa tana da biliyan 15 da ɗoriya. Akwai wata Game Boy da ta ƙone a barikin soja lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, robarta ta narke ta yi baƙi, amma aka kunna ta kama, har Nintendo suka yi shekaru suna nuna ta a shagonsu na New York. Abin da babu komai a cikinsa da zai goge ko ya yi zafi, lalacewarsa a hankali take zuwa: kafasito ya bushe ko ya tsiyaye, kamar yadda ya addabi Game Gear ta Sega, ko batirin da ke riƙe ajiyar wasa a cikin kaset ya ƙare. Dukkansu aikin rabin awa ne ga mai ƙarfen dalma.

Yanzu mu zo inda abin ya fi muni, wanda ba a zamanin da yake ba, ba kuma a yau ba. A tsakiya yake.

Microsoft sun fitar da Xbox 360 a Nuwambar 2005, shekara guda cur kafin PlayStation 3. Sauri suke yi su riga Sony shiga kasuwa. A jikin na'urar akwai zobe na fitilu huɗu kewaye da makunni, koraye in lafiya. Ba a jima ba masu saye suka fara ganin uku daga ciki sun koma ja, na'ura ta ƙi tashi. Wannan shi ne abin da aka yi wa laƙabi da jan zoben ajali. Da farko kamfanin ya ce lalacewar ba ta wuce yadda aka saba gani a kayan lantarki ba, wato kashi uku zuwa biyar cikin ɗari. A watan Yuli na 2007 sai ga Peter Moore, wanda ke jagorantar sashen Xbox, ya fito ya ba da haƙuri, ya ce an tsawaita garanti zuwa shekara uku kan wannan matsala. Kuɗin da kamfanin ya ware ya haura dala biliyan ɗaya. Sai su aiko maka da kwali fanko, ka saka na'urarka ka mayar, kuma 'yan wasa suka riƙa kiran kwalin nan akwatin gawa.

Ina so ɗalibai su tsaya a kan dalilin, domin nan ne darasin injiniya yake. Tukunyar wutar Xbox 360 ta farko wat 203 aka rubuta a jikinta, ninki ashirin na NES, duk a cikin siririn akwati mai lanƙwasa don ya yi kyau a falo. Ƙwaƙwalwar da ke zana hoto tana zaune ne a kan ɗigo-ɗigon dalma ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. In an kunna, komai ya yi zafi ya buɗe. In an kashe, ya huce ya tsuke. Amma silikon da allon da yake kai ba gwargwado ɗaya suke buɗewa ba, sai ɗigon dalmar da ke tsakaninsu ya riƙa shan ja da saki, kullum, har ya tsage. A wani fim na tarihin Xbox da Microsoft suka fitar da kansu a 2021, injiniyoyinsu sun faɗi haka: ba tsananin zafin ne kaɗai ya yi ɓarnar ba, yawan hawa da saukarsa ne. Wasu kan ɗora laifin a kan dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2006, wadda ta hana amfani da dalma mai gubar darma a kayan lantarki. Ni dai ina ganin an cika ɗora wa dokar nan kaya, tunda Wii ta Nintendo ma a ƙarƙashinta aka ƙera ta.

A nan ma jama'a sun ƙirƙiro nasu magani. Sai a naɗe na'urar da tawul, a toshe duk kafofin iska, a kunna ta ta dahu na wasu mintoci. Wani lokaci tsagewar takan ɗan haɗe, na'ura ta tashi ta yi mako ɗaya ko biyu, sannan ta koma, wannan karon da sauran kayan cikinta a gasasshe. Ina roƙon masu gyara da su ji wannan da kyau, domin hura wa ƙwaƙwalwa iska mai zafi da ake yi a wasu shaguna ƙanen wannan dabarar ne. Mai kaya zai biya, ya tafi yana murna, ya dawo bayan wata guda yana zargin an cuce shi.

Nawa ne suka mutu? A 2009 aka sami amsa biyu da suka yi hannun riga. Mujallar Game Informer ta tambayi masu karatunta kusan 5,000, ta ce kashi 54.2 cikin ɗari na masu Xbox 360 tasu ta lalace. Kamfanin SquareTrade, mai sayar da garanti, ya duba na'urori fiye da 16,000 na abokan cinikinsa, ya ce a shekaru biyun farko kashi 23.7 na Xbox 360 ne suka sami matsala, kashi 10 na PlayStation 3, kashi 2.7 na Wii. Kada ku yi saurin cewa wani ya yi ƙarya. Mai karanta mujallar gem mutum ne da ke kwana a kan wasa, kuma wanda tasa ta mutu ya fi ɗokin amsa tambaya. Alƙaluman SquareTrade kuwa na waɗanda suka sayi garanti ne suka kuma kawo ƙara wurinsu, ban da wanda ya miƙe kai tsaye wurin Microsoft. Na fi amincewa da na biyun, amma ko shi ɗin kusan ɗaya ce cikin kowace huɗu.

Ku dubi Wii a lissafin nan. Shekararsu ɗaya da PlayStation 3, amma ta fi ta lafiya nesa ba kusa ba. Nintendo ba su shiga tseren ƙarfi ba. Sun ɗauki tsarin GameCube, na'urarsu ta baya, da suka riga suka sani ciki da bai, suka ɗan ƙara masa gudu, suka fitar da na'urar da ba ta shan wat ashirin. Saboda haka shekarar ƙira ba ita ce ma'auni ba. Abin dubawa shi ne yawan zafin da aka tara, da girman wurin da aka tara shi, da kuma ko an ba injiniyoyi lokacin gwaji ko 'yan kasuwa sun tsaya musu a ka.

Kamfanonin sun ji a jikinsu. Microsoft sun yi ta sake allon Xbox 360 har samfurin ƙarshen 2008 ya lafa, kuma da suka zo yin Xbox One a 2013 sai suka yi ta ƙatuwa, da babbar fanka, mutane na yi mata dariya wai ta yi kama da tsohuwar bidiyo. Da aka yi ƙorafi a makon fitowar PlayStation 4 a shekarar, Sony sun ce abin bai kai kashi 0.4 cikin ɗari na waɗanda suka aika kasuwa ba. Maganar kamfani ce a kan kayansa, a ɗauke ta da taka-tsantsan, amma babu wanda ya sake ganin irin annobar 2007. PlayStation 5 ta 2020 girman da ta yi duk na sanyaya ne, har ruwan ƙarfe aka shafa tsakanin ƙwaƙwalwarta da abin da ke janye zafi.

Ciwon sai ya koma hannu, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasa da shi. Duk mai gidan gem ya san shi: an ajiye hannu ba wanda ya taɓa, amma ɗan ƙwallo a talabijin ya kama tafiya shi kaɗai har ya fita fili. A ƙarƙashin sandar da babban yatsa ke juyawa akwai 'yan ma'aunai biyu, kowanne da siririn harshen ƙarfe da ke gogar wata baƙar hanya ta gawayi. Gogayyar ce ke gaya wa na'ura inda yatsa yake, kuma gogayyar ce ke cinye hanyar. In ta cinye, ko ƙura ta shiga, sai na'ura ta riƙa jin motsin da babu shi. A kan Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, abin ya kai ga shari'a a Amurka a 2019, shugaban kamfanin Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri a 2020, ƙungiyar kare masu saye ta Turai ta tattara koke kusan 25,000, daga bisani a 2023 Nintendo suka amince da gyara kyauta a Turai ko garanti ya ƙare. Masu gyara na iFixit sun buɗe hannun PlayStation 5 a 2021, suka ga masu ƙera sandar sun ce juyi miliyan biyu take ɗauka, suka ƙiyasta cewa a wasa mai yawan motsi hakan bai fi awa 400 da 'yan kai ba. A gidan gem da ke aiki awa goma a yini, ku yi lissafi, mako shida ke nan. Abin haushin shi ne maganin ba sabo ba ne. Dreamcast ta Sega, tun 1998, da maganaɗisu take auna motsin sandar, babu abin da ke gogar wani.

Akwai kuma wata irin mutuwa da kakannin na'urorin nan ba su san ta ba, wato na'ura lafiyarta ƙalau amma ta ƙi aiki. Ranar 1 ga Maris 2010 tsofaffin samfuran PlayStation 3 a faɗin duniya suka rikice, saboda agogon cikinsu ya ɗauka shekarar tana da 29 ga Fabrairu. Wasu wasannin suka ƙi buɗewa ko da ba a kan intanet ba, Sony suka ce kowa ya kashe tasa ya jira, washegari abin ya warware da kansa. A 2021 aka gano cewa in ɗan batirin agogon PlayStation 4 ya mutu, irin mai kama da kwabo ɗin nan, na'urar ba za ta buga ko faifan da ka saya da kuɗinka ba sai ta gaisa da sabar Sony. Sun gyara wannan a Satumbar shekarar bayan an yi ca a kansu, amma ya nuna inda igiyar take ɗaure. An rufe shagon intanet na Wii a 2019, na Wii U da 3DS a 2023, na Xbox 360 a Yulin 2024. Sannan tun daga Xbox 360 ake ɗaura wa injin faifai aure da allon na'urar, ta yadda in ka ciro lafiyayye daga wata ka saka, ba zai karɓi wasa ba. Ma'ajiyar cikin PlayStation 5 kuwa a jikin allo aka like ta. Ranar da ta gaji, ba kwancewa za a yi a sa wata ba.

Wannan ne ya sa nake ganin tambayar kashi nawa ne suka lalace ba ta isa ba. Ni abin da nake tambaya shi ne, in ta lalace, wa ke da ikon tashinta? NES mai lanƙwasassun haƙora, yaro mai allura da haƙuri zai miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ta yau ta fi ta fitowa lafiya daga masana'anta, amma makullinta na hannun kamfani, kuma garantin shekara uku da ya ceci Ba'amurke a 2007 bai taɓa isowa ga wanda ya sayi tasa ta hannu a Kano ko Maraɗi ba.

Duk alƙaluman da na karanto muku a Amurka da Turai aka tattara su, a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙyaftawa. Takardar da ke zuwa cikin kwalin PlayStation 4 da 5 ta ce a yi amfani da su a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa, balle a shagon kwano mai talabijin shida da samari ashirin. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafofin iska, ta haɗu da zaren tufafi, ta yi kamar bargo a jikin ƙarfen da ke janye zafi, shi ya sa za ka ji fankar PS4 tana kuka tun daga bakin titi. Kyankyasai ma suna son ɗumin tukunyar wutarta, kuma wannan ba mu kaɗai ba ne, masu gyara a New York sun koka da shi a 2017. Ga ɗauke wuta da kawo ta, ga sauyawa zuwa janareto, kowanne zagaye ɗaya ne na zafi da sanyin nan da ya kashe Xbox 360. Ga kuma kayan da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 120 ko ta Japan mai 100, a kawo su nan inda tamu ta haura 220. Tsohuwar PS2 ko tukunyar Xbox 360 ta Amurka, in aka cusa ta a bango ba tare da taransifomar rage wuta ba, ƙara ɗaya za ka ji, sai wari.

Saboda haka ga aikin da nake ba ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Ku je wurin masu gyara a Farm Centre da titin Beirut na Kano, ku roƙe su su riƙa rubuta kowace na'ura da aka kawo: samfurinta, sabuwa aka saye ta ko ta hannu, a gida take ko a gidan gem, da wutar gwamnati take aiki ko janareto ko sola, a wane wata ta mutu, kuma me aka tarar a ciki da aka buɗe. A yi shekara guda ana rubutawa, daga hunturu zuwa hunturu, don bazara da damina su shigo cikin lissafin. Masu gyaran suna nan zaune tare da mu, kuna iya fara magana da su kafin a watse.